Gurbi biyu, layi 16: dokar rabon hanya a cikin kwamfuta

Mai tace bidiyon biki a Maradi, ko mai zana allon talla, idan aiki ya fara yi wa kwamfutarsa nauyi, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ƙara katin hoto na biyu, wato katin da ke sarrafa hoto da bidiyo. Ya kwance murfin, ya ga dogayen gurabe biyu ko uku a jikin kart-mer, babban allon da kowane kaya ke zaune a kansa, duk tsawonsu ɗaya, sai ya ce ai wuri na nan. Wurin zama kam akwai. Hanyar da kowane kati zai riƙa aika bayanai ta cikinta ita ce ƙidayayya, kuma akwai rubutacciyar doka da ke raba ta.

Sunan dokar PCI Express, a taƙaice PCIe. Ba majalisar wata ƙasa ta yi ta ba. Wata ƙungiyar kamfanoni ce mai suna PCI-SIG, wadda aka kafa a 1992, ke rubuta ta, Intel da AMD da Nvidia duk suna ciki. Ba mai kama wanda ya saɓa mata, sai dai katinsa ya ƙi aiki a allon kowa, shi ya sa kowa ke bi.

Ma'aunin dokar shi ne layi. Kowane layi wayoyi ne tagwaye biyu, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa. Gurbi yakan zama mai layi 1, 4, 8 ko 16, a rubuce x1, x4, x8, x16. Saurin layi kuma ya danganta da zubin dokar: na farko, na 2003, megabait 250 ne a daƙiƙa, na 2007 ya kai 500. Zubi na 3 da ya fito a 2010 ya kusa gigabait 1, na 4 a 2017 ya kusa 2, na 5 a 2019 ya kusa 4. Kowane sabon zubi ninkin na bayansa ne, a riƙe wannan.

Da an kunna kwamfuta, kati da gurbi sai su yi ciniki kafin komai ya bayyana a fuskar allo: layi nawa kake da shi, wane zubi kake ji? Inda mai rauni a cikinsu ya tsaya, nan ake daidaitawa. Albarkacin wannan ne tsohon kati ke aiki a sabon allo, sabo ma ya zauna a tsoho. Amma dokar ta halatta wani abu da ke cin kuɗin mutane: gurbi ya yi tsawon x16, a ja masa wayar layi 4 kacal. A allo da yawa ana ganin haka da ido. Haska tocilan cikin gurbi na biyu, za ka ga ƴan haƙoran ƙarfen sun ƙare tun kafin rabi, sauran tsawon roba ce zalla. Idan mai shago ya ce maka, «Alhaji, dukansu x16 ne», tsawon yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba.

To daga ina layukan ke fitowa? Masu kyaun daga furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, suke fitowa kai tsaye, kuma ba su da yawa. Furosesan Intel na zuriya ta 6 zuwa ta 10, irin wanda ake samu a tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su ta Kano ko Kwatano, layi 16 ne gare shi, zubi na 3. Zuriya ta 12 zuwa ta 14 na da 16 na zubi na 5 da ƙarin 4 na zubi na 4. Ryzen 3000 da 5000 na AMD, waɗanda ba su da katin hoto a cikinsu, na da 24: 16 na kati, 4 na ma'ajiyar M.2, ƙaramin faifan ajiya mai sauri da ake maƙalawa a jikin allo, 4 na zuwa cifset, guntun da ke haɗa sauran kaya da furosesa. Ko'ina dai rabon katin hoto 16 ne. Ka sa kati biyu a allon da aka gina don haka, 16 ɗin ake rabawa, kowa ya sami 8. Katin farko da ke cin x16 shi kaɗai jiya, yau ya koma x8. A ɓangaren Intel ma ba kowane allo ke da wannan izini ba. Galibi masu cifset na jerin Z ne ke rabawa haka, jerin B da yawancin H ba sa yi.

A allon da bai iya rabawa ba, gurbi na biyu ta cifset yake bi, kuma nan ne aka fi shan mamaki. Cifset kamar gidan haya ne mai ɗakuna goma da zaure ɗaya. Ramukan USB, fayafayan ajiya na SATA, wayar intanet da wasu guraben M.2 duk a gidan suke, kuma duk ta hanya ɗaya suke isa furosesa. A waɗancan allunan Intel na zuriya ta 6 zuwa ta 10, faɗin wannan hanya galibi daidai yake da layi 4 na zubi na 3, wajen gigabait 4 a daƙiƙa. Kana kwafe bidiyon ɗaurin aure daga faifan waje, katinka na biyu na neman wucewa, dole wani ya jira. Haka kuma wani allon, da ka sa ma'ajiya a wani gurbin M.2, sai ya kashe ramin SATA ɗaya ko biyu, mutum ya yi ta zargin faifansa ya mutu.

Ni dai a ganina, tsoron x8 ya fi illarsa yawa. Layi 8 na zubi na 4 daidai suke da 16 na zubi na 3, kuma kati kaɗan ne ke cika wannan. Katin RTX 4060 na Nvidia ma da layi 8 aka ƙera shi. Inda ake jin ciwo shi ne x4 a tsohon allo. Katin RX 6500 XT na AMD, alal misali, layi 4 kawai gare shi, idan ya faɗa allo mai zubi na 3 rabin hanyarsa ta tafi.

Masu wasan kwamfuta kuwa su adana kuɗinsu. Haɗa kati biyu su ja wasa ɗaya, tsarin SLI na Nvidia, dama sai kowane kati ya sami x8 ake yarda da shi, kuma kamfanin ya daina fitar masa da sabbin saituna tun 1 ga Janairun 2021. Kati biyu na da amfani a manhajojin zane da tace bidiyo irin su Blender da DaVinci Resolve Studio, inda ake raba musu aikin. Wanda aikinsa ya kai na kati uku ko huɗu, sai ya nemi furosesa irin su Threadripper Pro na AMD mai layi 128, da kuɗinsa.

Dokar ta taɓa wuta ma. Gurbi ba ya ba kati fiye da wat 75, sauran daga akwatin wuta yake zuwa, wayar mai baki 6 ta ba da 75, mai baki 8 ta ba da 150. Kati biyu manne da juna, na ƙasa ya toshe wa na sama iska, a zafin Afrilun Maradi da ƙurar da ke shiga ko'ina, za su rage gudu da kansu ko da layukan sun wadata.

Kafin a biya, a nemi lambar allon, a sauke littafinsa daga shafin kamfanin, a duba inda aka rubuta x16/x0 ko x8/x8 ko x16/x4, wato layukan gurbi na farko da na biyu. Bayan an haɗa, manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna layukan da kati ya samu a zahiri. Idan ta nuna zubi 1.1 kada hankali ya tashi, kati na sauka can ne don tsimin wuta lokacin da ba ya aiki. A danna alamar tambaya da ke gefen, a kunna gwajin, sannan a karanta lambar.