Waiwaye: Tuba da Kirki, Tsohuwar Gardamar da ta Iso Ader

A wani zaman makoki a Tawa, bayan an shafa addu'ar uku, ɗan mamacin ya ja fastonsu gefe, wajen da aka jera butoci. Shi Kirista ne tun yana ɗalibi, mahaifinsa kuwa da casbi a hannu ya cika. Ƴan unguwa sun shaidi tsohon: bai taɓa cin tuwon dare shi kaɗai ba, kuma in ka ba shi ajiya ko dala ba ta yin ciwon kai. "Fasto," in ji ɗan, murya ƙasa-ƙasa, "Baba yana ina yanzu?" Faston ya daɗe yana kallon tabarma kafin ya ce hukunci na Allah ne.

Tambayar ta girmi majami'un Nijar nesa ba kusa ba, kuma a nahiyarmu aka fi dambe a kanta da farko. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, wanda aka kashe a 258, shi ya bar maganar nan cewa babu ceto a wajen ikilisiya. Daga baya Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya, ya kara da Felajiyus, wani malami ɗan Birtaniya mai cewa mutum na iya yin nagarta da ƙoƙarin kansa. Agustin ya ce ina, zuciya ta gurgunce tun zunubin Adamu, sai alherin Allah ya tashe ta. Taron Kartaj na 418 ya ba shi gaskiya, kuma a kan wannan turba Luta da Kalbin, jagororin Kiristocin da suka ɓalle daga Katolika, suka bi a ƙarni na 16.

Sai dai Littafi Mai Tsarki kansa bai bar masu tsauri sun miƙe ƙafa ba. Manzo Bulus ya gaya wa Romawa cewa akwai al'ummai marasa Shari'ar Musa waɗanda abin da Shari'a ke so yake rubuce a zukatansu. Karniliyus, hafsan sojan Roma, an ce masa addu'o'insa da sadakarsa sun isa gaban Allah tun bai ji bishara ba. Duk da haka aka aiko masa manzo Bitrus ya yi masa wa'azi. Kowane ɓangare na gardamar yana jan wannan labari wajensa.

Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), masu yaɗa bishara da suka sauka Damagaram a 1924, suka zauna Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, ɓangaren tsauri suka zo da shi: dole a sake haihuwar mutum, halin kirki ba ya sayen ceto. Kalmar da aka ɗora wa wannan sauyi ita ce tuba, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Ga Bahaushe, "na tuba" maganar yaro ce da bulala ta hau kansa, maganar mai laifi. Uban da ya ji an ce ɗansa ya tuba zai tambaya, daga me? Daga tarbiyyar da na ba ka? Mai wa'azi yana nufin zunubin da ya game ƴan Adam duka, mai sauraro yana jin an zagi gidansu. Musulmi ma da kalmar nan suke karɓar azne in ya yi shahada, amma nasu in ya fita, ridda suke kiranta.

Katolika, da suka kafa mishan a Yamai a 1931, sun sassauta harshe a Taron Batikan na Biyu. A 1964 taron ya ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, yana iya samun ceto, ya kuma ambaci Musulmi da suna. A 1965 ya ƙara da cewa ikilisiya na duban Musulmi da girmamawa. Majami'un bishara, irin na SIM, ba su bi su can ba.

Malamanmu na zaure ba baƙon zance ba ne gare su. Hakim ɗan Hizam ya tambayi Annabi (SAW) game da sadaka da ƴanta bayi da ya yi a jahiliyya, aka ce masa ya musulunta tare da alherin da ya gabatar. Abu Ɗalib kuma, da dukan kariyar da ya bayar, bai furta kalmar ba.

A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jaridar Faransa, wasu Kiristoci a gidajen maƙwabtansu Musulmi suka ɓuya. Tauhidin bishara yana da gurbin da yake ajiye irin wannan: alherin Allah na kowa da kowa, kamar ruwan sama da ke sauka gonar mai adalci da ta marar adalci. Yana yabon aikin, ya yi shiru kan makomar mai shi.

Ɗan mamacin nan dai, da kwana arba'in ta zagayo, shi ya auno geron sadaka.