Maganin wankin fim mai tausasa tsaki a hoton baƙi da fari

Maganin wankin fim wani haɗin sinadarai ne da ake narkawa a ruwa a tsoma fim ciki bayan an ɗauki hoto, shi ne yake fito da hoton da ke ɓoye a jikin fim ɗin ya zama negetif. Fim ɗin baƙi da fari an shafe shi ne da jalatin mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa, to duk ƙwayar da haske ya taɓa maganin sai ya mayar da ita baƙar azurfa. In aka ƙara girman hoton a takarda, dunƙule-dunƙulen azurfar nan su ne kake gani kamar an watsa tsaki, musamman a sararin sama ko a kumatun mutum inda ya kamata wajen ya fito sumul. Akwai rukunin magunguna da aka haɗa musamman don rage wannan tsakin, sai dai duk wanda ka ɗauka akwai abin da zai karɓe maka a madadi, ko kaifin hoto ko ƙarfin fim wajen kama haske.

Tarihi

Da can tsaki bai dami kowa ba, tunda negetif ɗin gilashi ne babba, ɗora shi kawai ake yi a kan takarda a buga daidai girmansa. Maganin Rodinal ma, wanda Momme Andresen ya haɗa wa kamfanin Agfa na Jamus aka yi masa rajista a 1891, ba don laushin tsaki aka yi shi ba. Wajajen 1904 su Lumière da Seyewetz a Faransa sun nuna cewa sinadarin paraphenylenediamine yana ba da tsaki luƙui, amma ba a rungume shi sosai ba a lokacin.

Abin ya canza ne da sinima ta bunƙasa, sannan kyamarar Leica ta Oskar Barnack ta shigo kasuwa a 1925 da ɗan negetif ɗinta mai milimita 24 da 36. Wannan ɗan abin in kana son hoto mai inci 8 da 10 sai ka ninka shi sau takwas da ɗoriya, duk wani aibi da ke jiki kuwa tare za a ninka su. A 1927 Kodak ta fitar da D-76 wanda John Capstaff ya haɗa, asali don fim ɗin sinima, masu ƙananan kyamarori suka yi caraf suka karɓe shi, har yau kuma shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Haɗinsa ba sirri ba ne: giram 2 na metol, giram 100 na sodium sulfite, giram 5 na hydroquinone, giram 2 na borax, a cika da ruwa ya kai lita ɗaya. ID-11 na kamfanin Ilford a Ingila kusan abu guda ne da shi.

A shekarun 1930 an yi yayin haɗe-haɗen paraphenylenediamine, irin su jerin haɗin Sease na kamfanin DuPont. Tsakin kam yana laushi ba magana, amma sai ka ba fim haske ninki biyu ko fiye, ga shi yana sa wa mutane ƙaiƙayi da kumburin fata, ga tabo a tufafi, shi ya sa aka yi ta neman mafita. Wajen 1944 aka samu D-23, wanda a ganina babu haɗin da ya kai shi kyan tsari, sinadari biyu ne kacal, metol giram 7.5 da sulfite giram 100 a lita. Daga wannan zuriyar Microdol ya fito, daga baya Microdol-X wajajen 1960, sai Perceptol na Ilford. Xtol na Kodak ya zo a 1996, aka cire hydroquinone aka sa dangin bitamin C a gurbinsa.

Yadda yake aiki

Sirrin yana cikin giram ɗarin nan na sulfite. Aikinsa na farko hana maganin lalacewa da iska, amma in ya yi yawa haka sai ya riƙa narkar da gefen ƙwayoyin gishirin azurfa kaɗan-kaɗan ana cikin wanki, wani sashe na azurfar ya sake kwanciya a hankali, dunƙulen ba sa yin kaushi. Borax kuma alkali ne mai sanyin hali, baya ingiza wankin da gaggawa. Matsalar ita ce abin da ya lashe gefen tsaki shi ne dai yake lashe gefen gashin ido da zaren riga, sai hoto ya yi santsi amma bai fito raɗau ba.

Shi ya sa da yawa suke sirka D-76 da ruwa rabi da rabi, sulfite ya ragu, kaifi ya ƙaru, tsaki ya ɗan ɗago, a yi wanki ɗaya a zubar. Fim ɗin Tri-X na Kodak a D-76 tsantsa wajen minti bakwai yake ɗauka a digiri 20 na Celsius, in an sirka kuwa kusan minti goma.

Zaɓi

Gaskiyar da masu musu a kan wane magani ya fi basa son ji ita ce mafi yawan tsaki daga fim yake, magani gyara kawai yake yi. Fim irin Pan F Plus mai ISO 50 (ISO ma'aunin ƙarfin fim ne wajen kama haske) ko T-Max 100, wanda Kodak ta kawo a 1986 da ƙwayoyi masu faɗi kamar faifai, ko a Rodinal ka wanke su za su fi Tri-X laushi a kowane magani. Yawan haske fiye da kima da daɗewa a wanki su ma suna tayar da tsaki.

Mai fara koyo ya riƙe D-76 ko ID-11 har sai ya san halinsa. Wanda yake son laushi iya laushi Perceptol tsantsa ne nasa, amma ya san zai rasa kusan rabin ƙarfin fim, fim mai ISO 400 ya ɗauke shi kamar 200 ko 250. Xtol yana ba da laushi ba tare da wannan asarar ba. Rodinal, da ake sirkawa kashi 1 cikin 25 ko 50 na ruwa, baya ɓoye tsaki ko kaɗan, masu son sa don kaifinsa suke son sa, kuma kwalbarsa tana shekaru bata mutu ba.

Taƙaddama

An yi ƙorafin Xtol yana mutuwa farat ɗaya ba tare da ya canza launi ba. Wasu sun ɗora laifin a kan ƙananan fakitin lita ɗaya da Kodak ta daina yi, wasu a kan ƙarfen da ke cikin ruwan famfo.

Zafi da ajiya

Lokutan da kamfanoni ke bugawa na digiri 20 ne. A ƙasashe masu zafi, irin Kano ko Damagaram a watan Afrilu, ruwan tanki ya wuce haka nesa, wanki sai ya yi gudu, jalatin ya kumbura ya yi laushin da farce kaɗai zai yage shi. Ana sanyaya maganin da ƙanƙara a cikin baho, kuma ruwan ɗauraya ya zama kusan sanyinsu ɗaya, don in aka fito da fim daga ɗumi zuwa sanyi kwatsam jalatin yana yamutsewa. Kodak ta taɓa fitar da haɗi na musamman don ƙasashen zafi, DK-15, mai ɗauke da sodium sulfate don hana kumburin. D-76 da aka dama yana kai wata shida a cikakkiyar kwalba mai murfi, wata biyu in kwalbar rabi ce.