Mene ne "soke aure" a cocin Katolika?

Idan aka ji cewa coci ta soke auren wani ɗan Katolika har ya sake wani auren a gaban fada, wato limamin cocin, sai wasu su ce ashe dai su ma suna saki, sunan ne kawai suka canza. Ba haka ba ne. Saki yana kwance igiyar da ta ɗauru. Soke aure kuwa hukunci ne da kotun coci take yankewa cewa tun ran farko igiyar ba ta ɗauru ba, ko da an yi biki, an ci an sha, an zauna shekara goma.

Tushen maganar yana cikin Matiyu 19 da Markus 10 na Littafi Mai Tsarki, inda Farisiyawa, wasu malaman Yahudawa, suka tambayi Yesu game da saki, ya amsa musu cewa abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba. Cocin Katolika ta riƙe wannan da ƙarfi: auren da masu baftisma biyu suka ɗaura daidai, suka kuma sadu a matsayin miji da mata, mutuwa ce kaɗai ke raba shi. Ko Fafaroma ba shi da ikon kwance shi. Coci-cocin Furotesta da yawa sun ɗan sassauta, suna kafa hujja da togaciyar zina a Matiyu 19:9 da maganar Bulus a 1 Korintiyawa 7:15 kan abokin zama marar bi da ya tafi abinsa.

Saboda haka alƙalan coci ranar ɗaurin aure suke bincika. Shin yarinyar da yardarta ta amsa, ko kuwa an yi mata barazanar korarta daga gida idan ta ƙi? Shin angon yana da wata matar da ya ɓoye? Shin ɗayansu ya ƙudurta tun kafin biki cewa ba zai taɓa yarda a haihu ba, ko ba zai tsaya ga mutum ɗaya ba? Akwai kuma yaudara a kan babban abu, da taɓin hankali da ke hana mutum sanin abin da yake ɗaukar wa kansa, da rashin kai wa shekarun da dokar coci ta 1983 ta gindaya, wato 16 ga namiji, 14 ga mace. Mijin da ya fara shaye-shaye ko neman mata bayan shekara bakwai da aure, wannan kaɗai bai isa hujja ba, sai in an nuna cewa halin yana nan tun farko. A nan ne mutane da yawa suke jin an ƙware su, kuma ba a ga laifinsu ba.

Shari'ar ba ta wasa ba ce. Mai ƙara zai rubuta koke, a kira ɗaya ɓangaren, a saurari shaidu irin su iyaye da abokan ango da ƙawayen amarya. Akwai ma jami'i na musamman wanda aikinsa shi ne ya kare auren, ya kawo duk dalilin da zai nuna cewa ya ɗauru. A da sai kotuna biyu sun yi hukunci iri ɗaya kafin magana ta tabbata, abin da ke jan shekaru. A 2015 Fafaroma Francis ya cire wannan sharaɗi, ya ba bishop damar yanke hukunci da kansa ta gajeriyar hanya idan hujja ta fito fili kuma ma'auratan sun yarda, ya kuma nemi a yi aikin kyauta gwargwadon hali. A ganina gyaran nan ya zo a makare, don talakan ƙauye ne aka fi barin baya a tsohon tsarin.

Neman irin wannan hukunci ba sabon abu ba ne. Soke aure Sarki Henry na Takwas na Ingila ya nema a kan matarsa Catherine, da hujjar cewa ta taɓa auren yayansa Arthur. Fafaroma Clement na Bakwai bai ba shi ba, rikicin ya kai ga Ingila ta ɓalle daga cocin Roma a 1534.

'Ya'yan da aka haifa a auren da aka soke halastattu ne a dokar coci, ba a kiransu shegu. Matar da ake duka kuma ba sai ta jira hukunci ba, dokar ta yarda ta bar gidan don tsira da ranta, sai dai ba za ta sake aure a coci ba sai an soke na farkon.

A Najeriya akwai wani tarko da ya kamata a sani. Takardar kotun coci ba ta kashe auren da aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa. Wannan aikin Babbar Kotu ne, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Wanda ya sake aure da takardar coci kaɗai a hannu, a idon hukuma har yanzu mijin matarsa ta farko ne.