Auna Ingancin Ruwan Tafkunan Kan Tsauni

Tafkunan kan tsauni suna cika ne daga ruwan sama, narkakkiyar ƙanƙara da ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsu. Ruwansu yakan yi garau, har a ɗauka ba shi da aibi. Ido kuwa ba ya isa: arsenik, wani sinadari mai guba, ba shi da launi ko ɗanɗano, kuma yakan narko daga dutsen da ruwan ya ratsa.

Masu bincike kan ɗebi ruwa a bakin tafki, a tsakiya, da kuma mashigar koguna, damina da rani. Nan take ake auna zafinsa, tsaminsa da gishirin da ke cikinsa. Sauran a zuba a kwalabe, a rufe, a kai ɗakin gwaji cikin sanyi.

Ga ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna najasa ta shiga ruwa, ko ɗaya cikin mililita 100. Iyakar arsenik maikurogiram 10 ce a lita, fuloraid miligiram 1.5, nitirat miligiram 50. Yawan nitirat ya fi cutar da jarirai, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire waɗannan sinadarai, abin da iyalai da yawa ba su sani ba.

Damuwar manomi daban ce: gishiri da sodiyam. Idan sodiyam ya yi yawa, ƙasa takan daskare, ruwa ya daina shiga, fili ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa.

Ga misali, tafkin Titikaka, tsakanin Peru da Boliviya a Kudancin Amurka, yana bisa tsawon kusan mita 3,800. Mafi yawan ruwan da ke barinsa tururi yake bi, kaɗan ne ke fita ta kogin Desaguadero, don haka ƙazanta kan daɗe a ciki. Kogin Katari na kawo najasar birnin El Alto, masu haƙar zinariya a garin La Rinconada na Peru kuma suna aiki da zaiba mai guba, wadda koguna ke kawowa tafkin ta taru a jikin kifi. A 2016 an tsinci gawarwakin kwaɗi kusan 10,000 a kogin Coata da ke malala cikin tafkin. Masunta da makiyayan gaɓar, waɗanda ba su da famfo, su ne ke fara shan wannan ruwa.