Muhammadu Rumfa

Muhammadu Rumfa sarkin Kano ne da ya yi mulki daga wajen 1463 zuwa 1499. Shi ne na 20 a jerin sarakunan gidan Bagauda. Ana yi masa kirari da Balaraben Sarki, kuma har yau tsakiyar birnin Kano tana zaune ne a kan tsarin da ya shata: fada, kasuwa da masallaci.

Asali

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce shi ɗan Sarki Yakubu ne, mahaifiyarsa Fadimatu 'yar Rano. Wasu masana na ganin daga wajen Kano ya zo ya kafa sabon gidan sarauta. An fi tafiya a kan maganar farko.

Fada da ganuwa

Kafin zamaninsa harkar sarauta tana kewayen Dutsen Dala ne. Rumfa ya janyo ta kudu, ya gina sabuwar fada wadda ake kira Gidan Rumfa, galibi ana cewa a wajen 1480. Ya faɗaɗa ganuwa ta yadda sabuwar fadar da unguwannin da ke gefenta suka shiga cikin birni. Gidan gari ne guda: soraye, cikin gida, sassan bayin sarki, da filin Ƙofar Kudu inda jama'a ke taruwa ran Hawan Daushe. Abin da ya fi nuna ƙarfin aikin shi ne, ko da jihadi ya kawar da sarautar Haɓe a farkon ƙarni na 19, sarakunan Fulani a gidan suka zauna. Ana kuma danganta Gidan Makama da Rumfa, cewa nan ya zauna kafin ya hau gado. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Kasuwar Kurmi

Shi ya kafa ta a bakin Jakara. Nan fataken Sahara ke sauke gishiri da tufafi da takarda, su ɗauki jemammun fatu da baƙin rini na Kano. Goro kuma yana zuwa daga Gwanja ta ƙasar Ghana a yau. Tana ci har yau.

Malamai da addini

A nan ne zamanin Rumfa ya fi barin tasiri. A wajen 1492 Shehu Muhammad ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya a yau, ya sauka Kano. Ya rubuta wa sarki ɗan littafi mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga masu mulki: naɗa alƙalai, tsare dukiyar baitulmali, sauraron ƙarar mai rauni. Gargaɗin da yake ta maimaitawa a ciki shi ne, tushen duk wata masifa sarki ya shige gida ya ɓuya wa talakawansa. Ana cewa da shawararsa aka sare wata itaciya da ake tsafi a gindinta, aka gina masallacin Juma'a a wurin. Sharifan unguwar Sharifai suna danganta kansu da zuriyar al-Maghili, kuma shugabansu shi ne mai riƙe da sarautar Sidi Fari. Rumfa ne kuma ya fara fita da jama'a sallar Idi a fili.

Sarauta

An lissafa masa sababbin abubuwa 12. A ciki akwai majalisar Tara ta Kano, wadda ta haɗa manya irin su Galadima, Madaki da Wambai, sai kakaki, figini (mafici na gashin jimina), takalmin gashin jimina da dawakin zage. Duk wanda ya ga sarki ya fito hawan salla, ana busa kakaki, dawaki da sirdi ba mahayi suna gaba, ya ga gadon Rumfa da idonsa. Shi ne kuma ya fara ba babanni sarauta, ya kawo kulle a fada.

Yaƙi da rasuwa

Ya yi yaƙi da Katsina shekara 11 ba wanda ya ci wani. Ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Kwalejin Rumfa da ke Kano sunansa ta ci.