Mashaƙo a jikin yara: dafin ne abin tsoro

Tun ƙarshen 2022 da mashaƙo (diphtheria) ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma har yau tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne.

Ya zan gane ba ciwon wuya na yau da kullum ba ne?

Haska tocilan waya cikin bakin yaron. In kika ga wata fata ruwan toka ta manne a maƙogwaro, wadda in an kankare sai jini, ga wuya ya kumbura, numfashi na ƙara, to kar a kwana a gida. Zazzaɓin sau da yawa ba mai zafi ba ne shi ya sa ake raina ta. Kuma dan Allah kar a kira wanzami wai belu ne, yankan jini kawai zai jawo.

Mun siyo antibayotik a kemis, bai isa ba?

Bai isa ba gaskiya. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaro amma dafin da take fitarwa bin jini yake ya tafi zuciya da jijiyoyi, antibayotik irin su azithromycin ko penicillin ƙwayar suke kashewa, dafin da ya riga ya fita ba ruwansu da shi. Maganinsa allurar karya dafi ce da ake kira DAT, daga jinin doki ake haɗa ta, a asibiti kaɗai ake yi saboda wani jikin baya karɓarta. Ita ma dafin da ke yawo a jini kawai take kamawa, wanda ya shige tsoka ya shige. Shi ya sa likita baya jiran sakamakon gwaji. Lokacin ɓarkewar, a Kano asibitin Murtala da IDH (asibitin cututtuka masu yaɗuwa) ne suka fi karɓar yaran.

Wuyan ya sace, shikenan?

Tukuna. Bayan sati 1 zuwa 2 zuciya na iya kumbura, yaro ya dinga kasala da haki. Wani kuma daga baya ya koma magana ta hanci, in ya sha ruwa ya dawo ta hanci. A koma asibiti.

Sauran yaran gidan fa?

A duba su a basu magani ko ba sa ciwo. Rigakafin Penta, allurar jarirai da ta haɗa da mashaƙo, kyauta ne, sati 6, 10 da 14 da haihuwa. Wanda ya warke ma sai an masa.