Abin da doka ba ta hana ba, shin ba shi da illa?

Mun daɗe muna jin ana cewa: "Da abin nan na da illa, ai da hukuma ta hana shi." Maganar ba ta rasa tushe ba, domin kare jama'a aikin doka ne. Sai dai doka bayan ilimi take bi, kuma tazarar kan yi tsawo ƙwarai.

A 1923 aka fara sayar da fetur mai haɗe da dalma a Amurka. Tun a lokacin wasu likitoci suka yi gargaɗi, amma sai 1996 aka haramta shi ga motoci a ƙasar, bayan bincike ya tabbatar dalma na dakushe ƙwaƙwalwar yara. Shekara 73 ke nan doka na ƙyale shi yana cutar da mutane. Jinkirin kan zo ne saboda sai an tara hujja, majalisa ta yi muhawara, masu masana'antu kuma su yi ta ja.

Za ku iya bincikawa da kanku: ku duba shekarar da aka kafa dokar da ta shafi abin da kuke shakka a kai, ko an taɓa yi mata gyara, sannan ku ji abin da masana lafiya ke cewa yanzu.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.